Toka a Gindin Tulu

Ranar da na fara ganin toka a gindin tulunan giyata, saura kwana goma sha biyar a zuba wa babana giya a kabari.

Ni dai ba mazauni ba ne. A aji huɗu na bar makarantar ƙauyenmu, na tafi Mokolo na yi dako, daga can na wuce Marwa na shekara biyar ina acaɓa. Ko a Marwan ban taɓa cika wata shida a ɗaki ɗaya ba. Da labarin rasuwar babana Vandu ya same ni, na hau babur na komo gida, can bayan duwatsun Mogode, da niyyar in kwana bakwai in juya. Sai ga shekara tana neman zagayowa ina nan, saboda ni kaɗai ne ɗansa namiji da ya rage.

A wajenmu, in mutum ya shekara a ƙasa, ɗan da zai gaji gida shi ke dafa jar giya da hannunsa. A kai kabari, a zuba wa mamaci rabonsa, dattawan dangi su sha saura. In giya ta tashi ta yi daɗi, uba ya karɓi ɗansa ke nan, sai a miƙa masa tulun tsafin gida da gidan da gonakin kan tudu. In ta yi tsami ko ta kwanta, uban ya ƙi, sai a duba wani a dangi. Wannan wanin kuwa kowa ya san shi: Teri, ɗan Baba Sunu ƙanen babana. Teri yana da mata da 'ya'ya uku a ɗaki biyu, kuma bai taɓa wuce kasuwar Mogode ba. Duk wanda ya jera mu ya san wanda ya fi kama da maigida.

Farar giya ta kasuwa ta mata ce. Ja kuwa ta maza ce, mace ba ta taɓa tulunta, ba ta ma tsallake dokin ƙofar ɗakin da ake ajiye ta. Ɗakin giyar babana ɗan zagaye ne na dutse, jinkarsa ta ruɓe, ƙasansa duk ramuka inda tuluna suke nutsewa har ƙugu. Da na dawo ya ba ni kunya. Da ɗan abin da na tara na sayi kwano da siminti, na cike ramukan, na shafe ƙasa sumul, na kwashe jinka na buga kwano mai ƙyalli. Baba Sunu da kansa ya ba ni aron jakinsa na ɗauko simintin. Ya zo ya tsaya ya duba aikin, ya ce yanzu ne gidan Vandu ya waye.

Na san aikin giya daidai gwargwado, tun ina yaro na sha gani. Na jiƙa jar dawa, na rufe ta ta tsira, na shanya, na niƙa. Na raba tsiron kashi uku: biyu na gwaji, ɗaya na ranar. Kashin farko na dafa sau biyu, na tace, na zuba a tuluna biyu, na sa iri, wato busasshen guntun tsohuwar giya da babana ya bari a ƙwarya. Na rufe baki da ganye na ja ƙyaure.

Washegari da safe na shiga na tarar an zagaye gindin kowane tulu da toka. An tara ta da kyau, an daddale da tafin hannu, har sawun yatsu yana nan. A bayan tulu na biyu ga wani tsohon buhu a jiƙe. A kan simintina kuma ga sawun ƙafa guda ɗaya, babu takalmi.

Na daɗe a tsugune. Wanda ya zauna a Marwa ya ga toka iri-iri a ƙofar shago da ƙarƙashin kujerar babur, kuma ba ta alheri ba ce. Giyar tana ta ƙara a cikin tulu, kumfa har ta ɗaga ganye, amma ban yarda na kai ta baki ba. Na kinkimi tulunan na tuttular a bayan gida. Kaji suka taru a kan dusar. Kafin azahar zakaranmu yana tafiya yana karkata, yana cara yana faɗuwa. Teri ya zo wucewa ya tsaya yana dariya, ya ce ashe ɗan birni kaji yake dafa wa giya, to su ma a kai su kabari su ba da shaida. Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba, ina kallon ƙafarsa, ina gwada ta da sawun da na gani.

Mu biyu ne kawai a gidan, ni da Gwaggo Kwarumba, yayar babana, wadda ta dawo gida tun kafin a haife ni bayan mijinta ya mutu. Na tambaye ta ko ta ga wani ya shiga. Tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce ita mace ce, me ya haɗa ta da ɗakin maza. Sannan ta tambaye ni ko na ɗanɗana kafin in zubar. Na ce a'a. Ta ce to, ta ci gaba da wakenta.

Wannan "to" ɗin ya tsaya mini a rai. Haka kuma na tuna cewa ranar kasuwa na gan ta a ƙofar gidan Baba Sunu, an ba ta wani abu a ƙullin ganye.

Na cire kwaɗon da nake ɗaure babur da shi na sa wa ƙyauren. Na dafa kashi na biyu, na kulle, na rataya mabuɗi a wuya. Ba wanda ya shiga, wannan na tabbata, don na yayyafa gari a bakin ƙofa kuma ba sawu ko na ɓera. Amma ranar farko da rana giyar ta haukace, ta yi ta tafasa kamar a kan murhu, kumfa ta zubo har ƙasa. Da gari ya waye ta yi tsit. Na kara kunne, babu motsi. Da rana ta ɗan farfaɗo, da safe ta sake mutuwa. Da na ɗanɗana, tsaminta ya kai tsamiya, ƙarfi kuwa ko jariri ba za ta bugar ba.

Na ce lalle asirin ya riga ya kama, tokar farko ce take bin ɗakin. Na je wajen maƙerin da ke duba da ƙaguwa a gindin dutse. Ya jera tsinkayensa a yashin tukunya, kowane tsinke da wanda yake wakilta, ya saki ƙaguwar ya rufe. Kafin ya buɗe ya yi mini tambaya ta fi ashirin: wa ke gidan, wa ke shiga, wa ke fita. Da ya buɗe, ƙaguwa ta ture tsinken mace. Ya ce akwai ƙafar mace a al'amarin nan. Na dawo gida ban ci tuwon Gwaggo ba. Na gasa masara na ci. Kwana uku ina haka, ita kuma kullum sai ta ajiye mini kwano a ƙofar ɗaki, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Saura kwana biyu na dafa kashin ƙarshe, tuluna uku. Na sa iri da sassafe. Ranar kasuwar Mogode ce, ƙauye ya watse. Na tayar da babur da ƙara yadda kowa zai ji, na ce wa Gwaggo na tafi, na bar kwaɗon a buɗe kamar mantuwa. Na ɓoye babur a bayan dutse, na zagayo ta gonar kuɓewa, na shiga ɗakin giyar na laɓe a bayan ƙyaure da sanda a hannu.

Tun hantsi kwanon ya fara ƙara, ƙas, ƙas. Kafin rana ta take, gumi ya jiƙa mini riga har wando. Numfashi ya yi mini nauyi. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, ga ni a tsugune cikin wuta, ƙafa ta yi tsami. Sau biyu na yi niyyar fita. Giyar kuwa ta fara wannan haukan nata.

Can na ji tafiya, a hankali, ana jan ƙafa ɗaya. Ƙyauren ya motsa. Ƙafa ta ɗago za ta tsallake dokin ƙofa, na riƙe hannun mai ita.

Gwaggo Kwarumba ce, da jiƙaƙƙun buhuna biyu a kafaɗa, ruwa yana ɗiga a zaninta. Ba ta firgita ba. Ta dubi sandar, ta dube ni.

"Dukana za ka yi, Deli? To ka yi sauri, ruwan buhun yana bushewa."

Na ce ta faɗa mini me Baba Sunu ya ba ta a ganye. Ta ce taba gari ce, in ina so ta sam mini. Na ce tokar fa. Ta ce tokar murhunta ce, ta itacen tsamiya, ita ce ke daɗewa da ɗumi.

"Sake ni ka taɓa tulun nan. Ba da tafi ba, tafinka na acaɓa ya mutu. Da kumatu."

Na kara kumatuna. Tulun ya yi zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

"Jiya da asuba da ka taka simintin nan ba takalmi, me ka ji?"

Na ce sanyi, har cikin ƙashi.

"To ita ma shi take ji. Giya abu mai rai ce, ɗan nan. Ɗuminta ɗaya take so, irin na cikin akuya, safe da rana. Ka ɗora ta a kan dutse, ka kifa mata murfin tukunya a ka. Da rana ka dafa ta, da asuba ka daskarar da ita, sannan ka tafi kana tambayar ƙaguwa. Zakaran gidan nan ya fi ka sanin giya, shi dai ya ɗanɗana."

Ta koma baya ta zauna a kan dutsen bakin ƙofa, daga waje. Nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce babana, da duk yabon da ake yi wa giyarsa, mutum ne mai nauyin barci da son kasuwa. Ya iya dahuwa, amma bai iya jinya ba. Shekara ashirin da wani abu ita ce ke shiga, ta tara toka mai ɗumi da yamma, ta yafa buhu in rana ta yi yawa, ta share sawunta kafin a gani. Shi kuma da ya ga ta nufo ɗakin sai ya juya wa ƙofar baya, ya shiga gyaran fartanya. Ba su taɓa yin maganar da baki ba har ya mutu. A da, da jinka da ramuka, aikin kaɗan ne. Ranar da na ga toka kuwa, ƙafarta ce ta yi ciwo, ta makara ba ta kwashe ba.

Na ce don me ba ta gaya mini ba tun farko. Ta ce ta gaya wa wa? Yaron da ke zama a kasuwa da Teri yana ba da labarin Marwa? Kalma ɗaya ta fita, a ce mace ta taɓa giyar kabari, shi ke nan an gama da ni, an gama da ita.

Sai ta rage murya, ko da yake ba kowa a kusa.

"Wanda ya ba ka aron jaki, shi ma yana dafa giya. Yana da kwano a ɗakin matarsa, yana da shi a ɗakin awaki. Ka taɓa ganin kwano a ɗakin giyarsa?"

Ban taɓa gani ba. Jinka ce, mai kauri, duk shekara yana ƙara mata ciyawa.

Amma zuciyata ba ta kwanta da ita ma ba. In gidan ya koma hannun Teri, matarsa ba za ta bar tsohuwa a ɗakin da ya fi kowane girma ba, wannan gaskiya ne, don haka tana da dalilin taimakona. To in kuma tarko ne fa? In na bar ta ta shiga, jibi a gaban dattawa Baba Sunu ya miƙe ya ce a tambayi Kwarumba inda ta yini ranar kasuwa? Na dubi ƙullin tabar da ke gefen zaninta. Na ce mata ba za ta shiga ba, ko yatsa ba za ta sa ba. Ta zauna nan waje ta faɗa, ni in yi.

Ta ce da ma abin da ya kamata ubana ya yi ke nan.

Na karɓi buhunan na yafa wa tulunan. Na hau kan ɗakin, kwano yana ƙona mini gwiwa, na shimfiɗa zana uku da duk karan dawar da ke rumbu, na danne da duwatsu. Na yi ta jidar ƙasa a kwando daga bayan gida ina cuɗawa da ƙaiƙayi, na tara wa kowane tulu har ƙugu, na kewaye da dutse don kada ta zube. Tana daga waje tana cewa na dama ya fi kusa da bango, a ƙara masa. Kafin la'asar haukan giyar ya lafa, ta koma wata 'yar ƙara a hankali, kamar yayyafi a kan ganye.

Na ce to an gama. Ta ce yanzu aka fara. Da rana ta yi sanyi a cire buhu. Da ta faɗi a kawo toka, ba mai garwashi ba, wadda hannu zai iya jurewa. Kafin zakara ya yi cara a canza ta. Duk bayan ɗan lokaci a kara kumatu. Ta ce ba dabara ba ce, zama ne kawai, kuma shi ne abin da jininmu bai iya ba.

Washegari da hantsi Teri ya zo. Ya dubi karan da ke kan kwano ya ce ashe birni ta koma ƙauye. Ya ce wani ɗan Mokolo yana neman mai babur ya kai shi bakin iyaka, zai biya da kyau, tafiyar awa biyu ce kawai. Ƙafata har ta fara ƙaiƙayi. Tun da na dawo ban taɓa yini biyu a jere ban hau titi ba. Na tambaye shi sunan mutumin. Ya ɗan yi jim kafin ya faɗa. Wataƙila tunawa yake yi, wataƙila ƙirƙira. Na ce babur ba mai. Ya ce zai samo mai. Na ce taya ma ba iska. Ya leƙa ta kan kafaɗata yana son ganin cikin ɗakin, na gyara tsayuwa na cika ƙofar. Ya ce kamar kaza a kan ƙwai. Na ce ai kaza ta san abin da take yi. Gwaggo tana can nesa tana tsince wakenta, kamar ba ta san ana yi ba.

Ranar zubawa muka ɗauki tulunan zuwa kabari, a gangaren dutse. Dattawa bakwai suka zauna a kan duwatsu, mata suna can baya a tsaye. Na buɗe tulun farko, ƙamshi ya tashi. Na zuba wa babana rabonsa a kan dutsen kai, ƙasa ta shanye. Sannan na cika ƙwarya na miƙa wa Baba Sunu, don shi ne mafi kusa da mamaci.

Ya kurɓa ya riƙe a baki. Ya haɗiye, ya sake kurɓa. Ya daɗe yana kallon cikin ƙwaryar. Sannan ya ɗaga kai, ba ni ya duba ba, ya dubi can baya inda mata suke.

"Wa ya koya maka toka?"

Na ce a ɗakin babana na gan ta.

"A ɗakin babanka." Ya juya ƙwaryar a hannu. "Wannan ɗanɗanon na san shi. Shekara ashirin ina shan sa."

Wani dattijo mai suna Zra ya ce to miƙo mana, kai kaɗai aka haifa da maƙogwaro? Aka yi dariya. Baba Sunu bai saki ƙwaryar nan da nan ba. A lokacin ne na gane ya sani, kuma ba yau ya sani ba. Amma giyar da aka zuba ranar auren Teri daga ɗakin babana ta fito. Haka ta sunan jikokin Baba Sunu uku, haka ta kabarin mahaifinsu shi da babana. In ya buɗe baki a kan wannan, sai ya buɗe a kan duka.

Ya miƙa ƙwaryar ga Zra. Ta zagaya, aka sake cikawa, ta sake zagayawa. Zra ya goge baki ya ce Vandu ya karɓa. Baba Sunu da hannunsa ya ɗauko tulun tsafin gida ya ɗora mini a cinya. Ya fi yadda nake tsammani nauyi.

Bayan sati na cire kwanon na rufa wa awaki, na fasa simintin na tono ramukan babana, suna nan yadda suke. Da na je neman ciyawar jinka, Baba Sunu ya aiko Teri ya ce ga jaki in ina so. Na tsaya ina kallon jakin, ina kallon Teri. Na ce a gode masa, zan ɗauko a ka.